Shekarar da Aka Nome Mana Gamba

Ruwan farko na bana ya same ni a barandar 'yata Hadiza a unguwar Gudu, nan Abuja, ina tsintar shinkafa. Da ya ɗauke, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan nata, sai ga gadinan gidan da ke kallonmu ya fito da bokiti yana watsa wa ciyawar ƙofar gida takin zamani. Ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ɗanɗana ba. Na ja tsaki har Hadiza ta leƙo ta taga ta ce, "Mama, ke da wa kuma?" Na ce mata ba kowa. Ni da wata damina ce da ta wuce shekara ashirin da wani abu, wadda har yau in ta faɗo mini sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Lokacin muna zaune a wata 'yar unguwa bayan kasuwar Dei-Dei, wajen da gari bai gama isowa ba. Soja sun koma bariki, kuɗi ya shigo Abuja, kowa gini yake yi. Tifa ba ta hutawa, yashi da bulo da rodi sai wucewa suke ta gabanmu. Ka kwana da daji a bayan ɗakinka, ka tashi ka ga katafila ta baje shi, an kafa turaku an ja waya. Maigidana Malam Sabo, Allah ya jiƙansa, gadina ne, mai kula da ciyawa da furanni, a wani gida a Maitama. Ni kuma ina da saniya guda, sunanta Kyauta. Innata ce ta rene ta tun tana maraƙa, da ta rasu aka ba ni ita a gado, na sa aka ɗoro mini ita a mota tun daga ƙauyenmu. Da nononta nake dama furar sayarwa, da shi yarana suka girma. Kuma ita kaɗai ce abin da ya rage mini wanda hannun Inna ya shafa.

Ranin da ya gabaci wannan damina mun sha wuya ni da ita. Duk inda na saba kai ta kiwo an killace. Na ga Kyauta da idona tana tauna kwalin siminti, na zare mata leda daga baki har ta kusa cije mini yatsa. Haƙarƙarinta suka fito, nono ya koma ɗan abin da ba zai cika moɗa ba. Wata rana Malam ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Asabe, in aka sake rani irin wannan, sai dai a kai ta kasuwa. Gara a sayar da ita tana tafiya da ƙafarta."

Na ce, "Sai dai bayan raina."

Ya juya ya fita. Haka yake, ba ya musu, sai ya je ya yi ta saƙa abu a ransa. Bayan kwanaki ya dawo daga aiki ya ce ya samo dabara: za mu noma mata ciyawa.

Wallahi dariya na yi har na ƙware. Na ce, "Malam, ciyawar da tun kakanni ake yaƙi da ita a gona, ita za ka shuka? Zaman Maitama ya fara taɓa ka ke nan."

Ya ce a gidan ogansa kullum abin da yake yi ke nan. Ya ba ciyawa taki, ya ba ta ruwa, ta yi tsawo ya aske a zubar a bola. Wani malamin gona, abokin oga, ya taɓa zuwa duba filin, Malam ya tare shi da tambaya, har ya kai masa ƙasar gonarmu a leda. Mutumin ya ce jar ƙasar nan ta yi tsami, ruwan sama mai yawa ya wanke ta, ko an zuba mata taki ba za ta riƙe ba. Sai an fara ba ta garin farin dutse ya kashe tsamin, a bar ta ta huta, sannan a dasa, sannan taki. Na ce ƙasa kuma da tsami, sai ka ce kunun da ya kwana? Ya ce haka aka faɗa masa. Muna da gona biyu da wani dattijon Gwari ya ba mu aro: babba ta masara, da ƙarama a gefenta, gab da kwazazzabo. Ƙaramar ya zaɓa.

Sai ya ƙara da maganar da ta zama silar komai. Ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa. In 'yan majalisar mai shayi suka ji Sabo na noman ciyawa, ba zan sake shan shayi lafiya a unguwar nan ba. Bari sai sun ga rumfa ta cika."

Muka fara a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Abuja ke sa mutum ya ji kamar an kife shi da kwano. Hadari ya haɗu ya watse, ya haɗu ya watse, babu ko ɗigo. Malam ya samo buhunan garin, fari fat, laushi kamar garin rogo. Shi yana watsawa, ni ina bi da fartanya ina cakuɗa shi da ƙasa. Garin ya shiga ido, ya shiga hanci, ya haɗu da gumi ya zama kamar an shafe mu da alli. Tafin hannuna ya tsage. Maƙogwaro ya bushe har in na haɗiyi yawu sai na ji ɗaci. Ina sara ina mita, shi kuwa ko a jikinsa.

Maƙwabcinmu Malam Garba, mutumin Katsina, shi ne babba a harkar noma a unguwar, kuma shi ke haɗa gayya. Ya biyo ta gefen gona ya gan mu fari fat, ya tsaya ya riƙe baki. "Malam Sabo, wannan gyara haka, me za a zuba a nan?"

Malam ya ce, "Sai dai a gani, Malam Garba."

"To, Allah ya sa albarka. Wannan ƙasa ta samu gata."

Ruwa ya sauka, ƙasa ta sha, muka bar ta ta huta kamar yadda aka ce. Da damina ta kankama, sai muka shiga neman gamba. Iri babu, saboda haka muka riƙa bin gaban katafila, duk dajin da za a baje mu riga ta, mu tono tushen gamba da saiwarsa. Malam ya ɗauka a buhu, ni a kwando a ka. Masu gini suna mana kallon mahaukata. Wani mai gadi ma ya tambaye ni ko magani muke haƙa, na ce masa ƙwarai, maganin yunwa. Muka rarraba tushen muka daddasa, ba layi ba tsari, duk inda fartanya ta faɗa. Kashin Kyauta da na tara duk rani muka kwashe muka zuba. Da ganye ya fara tsiro Malam ya sa takin kamfa. Bayan ta kama sosai ya bi da yuriya, yana zuba wa kowane tushe ɗan kaɗan da yatsu uku, da yamma in ƙasa na da danshi. Takin nan rabon masararmu ne ya raba biyu. Na yi masa magana, ya ce masara ta saba da haƙuri.

Ikon Allah, sai gamba ta tashi. Ban taɓa ganin irinta ba, ni da na girma a cikin gamba. Ta daji siririya ce, ja-ja, mai kaushi. Wannan kuwa kore shar, ganye mai faɗi, in iska ta kaɗa sai ka ji tana shuu kamar ruwa na zuwa. Kafin tsakiyar damina ta kai mini ƙirji. Na yanko wa Kyauta runguma guda don gwaji, ta cinye har tana lasar ƙasa, ta bi ni da kuka. A ranar na daina yi wa Malam dariya. Muka tsara cewa in ruwa ya fara ja da baya, kafin ta fitar da kai, za mu yanke mu shanya a inuwa mu jibge a rumfa. Har rumfar ya kafa, ya rufa ta da tsohon kwano. Ni kuwa na fara barci da daɗi.

Sai tifa ta ture babur ɗin da Malam ya hau a hanyar dawowa daga aiki. Allah ya kiyaye rai, amma ƙafa ta karye a cinya. Aka kai shi wajen mai ɗori, aka dawo da shi gida aka kwantar. Daga nan duniyata ta koma tsakanin tabarmarsa, murhu da turken Kyauta. In ɗaga shi, in wanke shi, in dafa, in tatsa, in aika da fura. Gona kam ko leƙa ta ban yi ba. Ban damu da ƙaramar ba, don ciyawa ba ta neman kowa. Masarar ce ke jiran huɗa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Garba ya shigo duba mara lafiya. Da zai tafi ya ce, "Maman Hadiza, gobe za mu shiga gonar Malam. Kowa ya yarda zai bar tasa. Ke dai ki tanadi ruwan sha."

Har hawaye na yi don daɗi. Mutane ne masu neman na yau, wasu dako suke yi a kasuwar katako, wasu tura baro, Asabar ita ce ranar tasu gonar. Na ce ba ruwa kaɗai za su sha ba. Tun da safe na hura wuta, na turara dambu da zogale, na soya mai da albasa. Nonon Kyauta na ranar gaba ɗaya ban sayar ba, na dama musu fura mai kauri a babbar ƙwarya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in ce musu ku tsaya a masara ba. Wa zai yi tunanin haka? Gonar Malam aka ce, ni kuma a kaina gonar Malam masara ce.

Rana ta take na ɗauki tire a ka, ƙwarya a hannu, na kama hanya. Tun daga nesa nake jin waƙarsu da ƙarar garma. Na iso masara na ga an huɗe ta tsaf, kunya-kunya, gwanin sha'awa, amma babu kowa a ciki. Na zagaya. Sai na ga sarari inda bai kamata in ga sarari ba. Ina hango kwazazzabo daga inda nake tsaye.

Sun nome gambar. Kaf. Ba yanka suka yi ba, da sai ta sake tohowa. Tonowa suka yi tushe da saiwa, don manomi ya san gamba, in ka bar mata ko ɗan guntu za ta dawo. Suka kwashe suka watsa a cikin kwazazzabo, suka ja kunya a jar ƙasar, suka daidaita ta kamar za a shimfiɗa tabarma. Ban san yadda na sauke tiren nan bai kife ba.

Malam Garba ya taho yana share gumi da hularsa, fuskarsa cike da murna. Hannunsa duk gamba ta yayyanka, jini na tsatsafowa.

"Maman Hadiza, kin ga aiki! Mun gama masara da wuri, na ce wa jama'a, ku dubi wancan fili. Bawan Allah ya zuba gari, ya zuba taki, ciwo ya hana shi shuka, ciyawa na ta cinye masa taki yana kwance. Haram ne mu wuce mu bar ta. Kai, amma ban taɓa gamuwa da gamba mai taurin kai irin wannan ba. Sai ka ce dasa ta aka yi!"

Sauran suka kwashe da dariya. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, maganar tana kan harshena. Sai na dube su: magidanta, jiƙe sharkaf da gumi, wani ƙafarsa ba ko takalmi, duk sun zuba mini ido suna jiran abin da ake faɗa wa 'yan gayya. Na ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri." Na durƙusa na zuba musu dambu. Suka sha furar nonon Kyauta har suna santi, wani yana cewa saniyar nan Allah ya bar mini ita.

Na ce a raina in sun watse zan sauka kwazazzabo in tsamo abin da zan iya in mayar. Ko gama wanke hannu ba su yi ba gabas ta yi baƙi. Aka tsuge da ruwa irin na tsakiyar damina, wanda ba ka ganin tafin hannunka. Na tsaya a bakin kwazazzabo ina kallon jan ruwa yana tafiya da bazararmu, da garinmu, da takin masararmu. Abin da na tsamo bai cika zanina ba.

Na shiga gida a jiƙe, na faɗa wa Malam a tsaye, da ƙarfi, ban ko sassauta don yana ciwo ba. Na ce, "Ga sirrinka nan ya haifar mana! Da ka bari an yi maka dariyar kwana biyu, da yanzu ciyawarmu na tsaye. Yanzun nan zan je gidan Malam Garba in faɗa masa abin da suka yi."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ki faɗa masa ya yi yaya? Ya dawo da ita daga rafi?"

"Ya dai sani!"

"Asabe, mutanen nan don Allah suka yi. In kika faɗa, kin ƙwace musu ladan a fuska, kuma gobe wani ya kwanta ciwo kowa zai ji tsoron taɓa gonarsa. Ki bar shi a cikinmu. Na roƙe ki."

Na ce, "To ni wa zan yi wa faɗa? Tifa? Ruwan sama?" Ya ce in yi masa, shi yana nan kwance ba inda za shi. Na kuwa yi masa, kwana da kwanaki. Amma ban je gidan Malam Garba ba.

Na mayar da ɗan abin da na tsamo, na koma neman wani tushen, sai na tarar dajin da muka sani duk ya zama fulotai. Kunyoyin da suka ja mini na zuba wake a makare, ya yi ganye sosai don ƙasar ta ƙoshi, na samu harawa 'yar kaɗan. Na tara karan masara, na roƙi ɓawon gyaɗa, na bi masu niƙa ina sayen dusa da abin da fura ta kawo. Malam bai koma aiki ba, an sa wani a gurbinsa. Rumfar da ya kafa tana tsaye, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Kafin rani ya raba tsakiya harawa ta ƙare. Na koma zare leda daga bakin Kyauta. Wata safiya ta yunƙura za ta tashi ta kasa, sai da na kama wutsiya na taimaka mata. A ranar ban jira Malam ya faɗa ba. Ni na ce a kai ta.

Mace ba ta shiga cinikin shanu, Malam kuma yana dogara sanda. To wa zai kai ta? Malam Garba mana. Da kansa ya zo ya ce ba zai bari dillalai su cuce ni ba. Ya kama igiya, ni ina biye a baya har bakin kara, kasuwar shanu. Hanyar ta bi ta gefen ƙaramar gona, Kyauta ta ja ta tsaya tana shinshina 'yan tushen nan da na mayar, busassu. Ya ce, "Kin gani ko? Na ce miki taurin kai gare ta. In Allah ya kai mu damina zan zo in ƙarasa miki su." Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Ya yi mini ciniki na gaskiya, ya kawo mini igiyar a naɗe. Na ce masa Allah ya saka da alheri.

Ƙaramar gonar yanzu tana cikin wani rukunin gidaje, an shimfiɗa mata gajeriyar ciyawa ana ba ta ruwa da mesa. A kasuwar Dei-Dei kuwa na ga ana sauke damman ciyawar da aka noma takanas, masu kiwo na rububi, ba mai yi wa kowa dariya. Malam bai ga wannan ba.

Malam Garba yana nan da ransa, ya tsufa, ido ya yi rauni. Da ƙaramar sallar da ta wuce ɗansa ya kawo shi Gudu ya gaishe ni. Ya zauna a barandar nan, jikokina sun kewaye shi, ya ɗauko labarin da yake ɗaukowa duk haɗuwarmu. Yadda kakansu ya kwanta ciwo, yadda unguwa ta fito, yadda suka yi yaƙi da wata gamba har hannu ya yi jini. Ya buɗe tafinsa yana nuna musu wajen. Ya ce, "Zumuncin da ke nan. Ko ba haka ba, Maman Hadiza?"

Wanda ya roƙe ni in yi shiru yana ƙasa, ba mai hana ni. Na dubi tsohon nan da hannunsa a buɗe, yana murmushi yana jira. Na ce, "Haka ne, Malam Garba. Allah ya saka da alheri."

Kuma har ga Allah da gaske nake faɗa. Abin da ke ƙona mini rai ke nan.